Lambar QR ɗaya, da safe wani shafi da dare wani: wace hanya zaka bi?

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce wai yaya ake saka wa lambar QR lokaci, ta yadda wanda ya yi sikanin da safe zai ga abu kaza, wanda ya yi da yamma ya ga wani daban. Toh bari mu fara cire wani ruɗani tukuna, domin shi ke sa mutane biyan kuɗi a inda bai kamata ba. Ita lambar ba ta san lokaci ba, ba ta da agogo ba ta da batir, zanen ɗigo-ɗigo ne baƙi da fari da aka rubuta wani rubutu a ciki, kuma tun ranar da firinta ta buga ta rubutun nan bazai sake canzawa ba har takardar ta yage. Tun 1994 da Masahiro Hara da abokan aikinsa a kamfanin Denso Wave na Japan suka ƙirƙiro ta don bin sawun kayan mota a masana'anta haka take, ba ta canza hali ba. Abun da ake kira lamba mai canzawa ba wani sihiri bane, gajeren adireshi ne aka buga a ciki, in wayarka ta buɗe adireshin sai wata kwamfuta can nesa ta ce mata wuce nan, ko wuce can. Shikenan. Kenan ainihin tambayar ita ce a ina ake yanke hukuncin nan, agogon wa ake dubawa, kuma wa ke riƙe da adireshin da ka buga. Duk hanyoyin da zan kawo a kan waɗannan abubuwa uku suka bambanta.

Hanya mafi sauƙi wadda mutane ke rainawa ita ce kada ka yi wayon komai, ka buga lamba biyu ko uku na dindindin, kowace da rubutunta a ƙasa, wannan ta zaman safe, wannan ta zaman rana, ko kuma ka sa mutum ya riƙa canza allon. Ba kuɗin wata, ba kamfani a tsakani, ba abun da zai mutu. Matsalarta dai a fili take, wuri ya cika da lambobi, mutane su yi ta sikanin wadda ba ita ba, kuma ranar da mai canza allon ya makara ko ya manta shikenan. Amma in lambar a sikirin take ba a takarda ba, kamar allon talabijin na zauren taro ko majigi, ai magana ta ƙare, hoton lambar kawai zaka canza lokacin da ka canza sauran abun da ke sikirin ɗin. Na sha ganin mutane suna biyan tsarin lokaci don lambar da a sikirin ake nuna ta, abun har dariya yake bani.

Ta biyu, lamba mai canzawa amma kai ke canza ta da hannu. Ka shiga dashbod, wato shafin da ake sarrafa lambar, ka goge tsohon adireshi ka liƙa sabo, ka danna ajiye. In canjin naka sau uku ne ko huɗu a shekara, misali kafin taro lambar ta kai mutum fom ɗin rajista, ranar taro ta kai shi jadawali, bayan taro ta kai shi hotuna da bidiyo, wallahi wannan ta ishe ka, ka saka ƙararrawa a wayarka kawai. Inda take gazawa shi ne canji na kullum. Ba mai iya tashi ƙarfe shida na safe da goma na dare kowace rana har shekara yana canza linki bai taɓa kuskure ba, wata rana zaka yi barci, wata rana netwok zai ƙi, wata rana kana cikin jirgi.

Ta uku ita ce wadda ake ta talla, kamfanonin da ke sayar da lambar QR da dokokin lokaci a ciki. Ka zaɓi daga ƙarfe kaza zuwa kaza a kai mutum nan, ranakun kaza a kai shi can, ba sai ka iya rubuta ko layi ɗaya na furogiram ba. Gaskiya daɗinta ba kaɗan bane, musamman in lambobin naka da yawa, a ce rassa ashirin kowanne da nasa lokacin, ko kuma wanda zai riƙa kula da abun ba ma'abocin kwamfuta bane. Suna kuma baka ƙididdiga, mutum nawa suka yi sikanin, da wace irin waya, a wane lokaci. Amma akwai inda gizo ke saƙa, kuma nan nake so mu ɗan zauna.

In ka karɓi lambar yadda suka baka ita, adireshin da ke cikin zanen na kamfanin ne ba naka ba. Ka buga fosta dubu, ka manna sitika a jikin kaya, ka sassaƙa a allon ƙarfe, duk waɗannan yanzu suna nuni ne zuwa gidan wani. Ranar da ka daina biya, ko kwanakin gwaji na kyauta suka ƙare, ko suka ƙara kuɗi, ko suka mayar da dokar lokaci zuwa tsari mai tsada, ko kamfanin ya rufe gaba ɗaya, lambobin ka sun zama ado. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Kuma kada ka ce ai babban kamfani ne bazai rufe ba, Google ma da girmanta ta daina ba da damar yin sababbin gajerun linki na goo.gl tun 2019, daga baya kuma ta sanar cewa daga watan Agusta na 2025 waɗanda ba a amfani da su zasu daina aiki. Wanda ya buga irin wannan linkin a cikin lambar QR a littafi ko a kwalin kaya sai dai ya yi fatan nasa na cikin waɗanda aka bari.

Maganin wannan ba wuya, shi ne ka mallaki sunan domen naka, wato sunan da adireshin shafi ke farawa da shi, ko da gajere ne na musamman don lambobi, sannan ka tambayi kamfanin ko suna yarda ka haɗa domen ɗinka da tsarinsu. Da yawa suna yarda, sai dai galibi a tsarin da ya fi tsada suke saka shi, sun san abun da suke yi. In ka yi haka, abun da aka buga naka ne, ranar da kuka ɓata da kamfanin sai ka juya domen ɗin zuwa wani wuri, fostocin ka ko motsi ba zasu yi ba. Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba, kamarar waya tana nuna wa mutum sunan domen kafin ya danna (iPhone ta fara karanta QR da kamararta kai tsaye tun iOS 11 a 2017, Android ma ta bi), to in ya ga sunan da ya sani ya fi sakin jiki akan ya ga wasu haruffa na kamfanin da bai taɓa ji ba. Tun da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta fitar da gargaɗi a Janairun 2022 kan 'yan damfara masu liƙa lambarsu a kan ta gaskiya, mutane da yawa sun fara duba wannan ɗan rubutun kafin su taɓa, kuma suna da gaskiya.

Sai dai mallakar domen ma amana ce, sai ka riƙa sabunta shi. Abun da ya faru da kamfanin kayan abinci na Heinz a 2015 ya isa darasi, sun buga lambar QR a kwalba don wata gasa, gasar ta ƙare aka bar rajistar domen ɗin ta mutu, wani ya saye shi, sai ga wani mutum a Jamus ya yi sikanin ya tsinci kansa a shafin batsa, kamfanin ya fito yana ba da haƙuri. Kaga abun da aka buga yana daɗewa fiye da kamfen ɗin da aka buga shi dominsa. Ka saka sabuntawa ta atomatik, ka biya na shekaru in zaka iya.

Ta huɗu, ka yi aikin tura mutane da kanka a sabar ɗinka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka. Mutane suna jin tsoron wannan alhali aikin bai kai ya kawo ba, layi goma ne ko sha biyar, duba agogo, in tsakanin kaza da kaza ne tura nan, in ba haka ba tura can. Da PHP ana yi, da Cloudflare Workers ana yi, kai hatta Apache, manhajar da sabar da yawa ke gudana da ita, yana da TIME_HOUR da TIME_WDAY a cikin mod_rewrite, wato awa da ranar mako, zaka iya rubuta dokar a fayil ɗin .htaccess ba tare da wani furogiram ba. Ba kuɗin wata banda na masaukin shafin da dama kana biya, ba iyakar adadin sikanin, bayanan baƙinka ba sa bi ta hannun wani, kuma duk dokar da ka ga dama zaka iya rubutawa, har irin wadda dashbod ɗin kamfani bai tanada ba, kamar ranar aiki ta farko a kowane wata. Kuɗin da kake biya a nan shi ne kai ne mai gadi. In sabar ta faɗi ƙarfe biyun dare ba wanda zaka kira, kuma in wanda ya rubuta ya bar aiki sai a zo ana neman wanda ya san inda dokar take. In kuma zaka nuna lambar a inda dubban mutane zasu yi sikanin lokaci guda, ka tuna da tallar Coinbase, kamfanin kuɗin kirifto, a Super Bowl na 2022, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, lambar QR kawai tana yawo a sikirin na minti ɗaya, cunkoson da ya biyo baya sai da ya durƙusar da manhajarsu na ɗan lokaci. Ƙaramin masauki mai araha bazai ɗauki ko kusa da haka ba, a nan kamfanin da wannan ne aikinsa, ko tsarin da ke gudana a kan babbar hanyar rarraba shafuka irin ta Cloudflare, ya fi ka ƙarfi.

A wannan hanyar akwai wani rami da ni kaina na taɓa faɗawa. Ita turawar nan iri-iri ce, kowace da lambar da sabar ke amsa wa waya da ita. Akwai 301 da 308 masu cewa an koma can har abada, akwai 302 da 307 masu cewa na ɗan lokaci ne. In ka yi amfani da 301, burauza zata riƙe amsar a ajiyarta, gobe in mutumin ya sake sikanin ba zata ma tambayi sabar ba, kai tsaye zata kai shi inda ta kai shi jiya. Ni na yi gwaji da safe komai lafiya, da yamma na sake yi sai ga shafin safe, na duba dokar sau goma ba kuskure, wayar abokin aikina tana nuna daidai tawa ta ƙi, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Sai daga baya na gane ai ni na ce wa burauzar har abada, ita kuma ta yarda da ni. Abun takaicin shi ne bazaka iya shiga wayoyin mutane ka goge musu ba. Don haka 302 ko 307, ka kuma ƙara Cache-Control: no-store a amsar, wato umarnin kada burauza ta ajiye ta, in kuma akwai wani tsarin ajiya tsakanin sabar ɗinka da jama'a ka tabbatar bai riƙe wannan adireshin ba. Wannan tambaya ce da ya kamata ka yi wa kamfanin da ka biya ma, ko ka duba da kanka, duk da dai waɗanda suka san aikinsu na ɗan lokaci suke amfani da shi, don in ba haka ba ƙididdigarsu ma ba zata ƙirgu ba.

Ta biyar ita ce wadda na fi so, kuma ita aka fi mantawa. Kada ka tura kowa ko'ina. Lambar ta nuna shafi ɗaya tak a domen ɗinka, shi shafin ne zai duba lokaci ya ɗora abun da ya dace a sama, sauran kuma su zauna a ƙasa inda mutum zai iya latsawa ya gani. Dalilin da yasa na fi son ta shi ne mutane ba sa rayuwa yadda jadawalinka ya tsara. Wani ya yi sikanin ƙarfe sha ɗaya da minti hamsin da takwas, abun da yake nema na sha biyu ne. Wani yana tsaye gaban ƙofar ofis da dare, so yake ya ga me ake buƙata ya kawo gobe da safe, in ka jefa shi shafin mun tashi kawai ka rufe masa hanya. Turawa ta lokaci tana yanke wa mutum hukunci ba tare da ya sani ba, shi kuwa shafi ɗaya yana cewa ga abun yanzu, ga kuma na anjima in shi kake so. Sannan lambar ma ta dindindin ce, ba kamfani a tsakani, in agogon ya rikice mafi munin abun da zai faru shi ne abun da ba na yanzu ba ya hau sama, amma komai na nan. Inda ba ta aiki shi ne in wuraren da kake turawa ba naka bane, misali da rana WhatsApp na ma'aikaci, da dare fom na Google, ranar taro kuma bidiyo kai tsaye a YouTube. Ko a nan ma zaka iya yin shafi mai maɓalli babba guda ɗaya da ke canzawa, amma ka ƙara wa mutum latsawa ɗaya, kuma kowace latsawa akwai waɗanda zasu gaji su fita. In saurin isa ne ya fi maka muhimmanci, turawa kai tsaye ta fi.

Yanzu maganar agogo, wadda ita ce ke kayar da kowa, mai biya da mai yi da kansa. Agogo uku ne a wasan, na sabar, na wurin da lambar take, da na wayar mai sikanin. Sabar da yawa a kan UTC suke, wato agogon duniya da ake auna lokacin kowace ƙasa da shi, to in ka rubuta ƙarfe tara baka faɗi na ina ba, ƙarfe taran UTC ka rubuta, wanda a Indiya biyu da rabi ne na rana tunda su UTC+5:30 suke, Nepal ma +5:45, don haka kada ka ɗauka bambancin kullum cikakkun awanni ne. In lambar a manne take a bango, agogon wurin shi ne daidai, ofis yana buɗewa ne da lokacin garin da yake ko da wayar baƙon na kan lokacin ƙasar da ya baro. In kuma lambar tana yawo, a jikin kwalin kaya, a mujalla, a bidiyo, ko wani ya ɗauki hotonta ya tura wa ɗan'uwansa a wata nahiya, sai ka tsaya ka tambayi kanka me kake nufi da safe. Safiyar wa? In abu ne kamar buɗe rajista ko rufe gasa, lokaci ɗaya ne ga duk duniya, agogon sabar zaka bi ka rubuta wa mutane yankin lokacin a fili. In kuma gaisuwa ce ko abun da ya shafi ranar shi mai karatun, agogon wayarsa ya dace, kuma wannan sai da JavaScript a cikin shafi, wato furogiram ɗin da ke gudana a wayar mai karatu, domin ita buƙatar da waya ke aikawa sabar ba ta ɗauke da lokacin wayar. Wasu tsare-tsaren suna ƙiyasta wurin mutum daga adireshin IP, wato lambar da na'urarsa ke shiga intanet da ita, wannan kuwa da VPN ko layin wata ƙasa sai ya kauce. Kafin ka biya kowa ka tambaye su wane agogo dokar tasu ke bi, kuma ko zaka iya zaɓar yankin lokaci ga kowace lamba daban ko ɗaya ne ga duk akawun ɗin. In rassanka suna ƙasashe daban-daban wannan tambayar kaɗai zata rage maka jerin kamfanonin.

Sai canjin agogo na bazara a ƙasashen da ke yi. A Tarayyar Turai Lahadin ƙarshe ta Maris ake tura agogo gaba, Lahadin ƙarshe ta Oktoba a dawo da shi, a mafi yawan Amurka kuma Lahadi ta biyu a Maris da ta farko a Nuwamba, kaga akwai makonnin da tazarar da ke tsakaninsu ma ba yadda aka saba take ba. In ka saita dokarka da UTC+1 a tsaye, kusan wata bakwai a shekara zata yi kuskuren awa guda a wuri irin Faransa. Abun da ake yi shi ne a zaɓi sunan yanki kamar Europe/Paris daga kundin yankunan lokaci na IANA, shi ya san ranar canji da kansa. Kuma a daren canjin akwai awar da babu ita sam, a ɗaya daren kuma akwai wadda ke zuwa sau biyu, don haka in ba dole ba kada ka ajiye iyakar dokarka tsakanin ɗaya da uku na dare.

Wani abu kuma da ya kamata ya shiga lissafi tun kafin zaɓi, tsarin lokaci ba kwaɗo bane. Da zarar an tura mutum shafin safe, adireshin shafin yana cikin burauzarsa, zai iya ajiye shi, ya tura wa wani, ya dawo da dare ya buɗe ba tare da ya bi ta lambar ba. In kuwa da JavaScript ka ɓoye abun, mutum ya canza agogon wayarsa kawai ya gani, ko ya leƙa cikin rubutun shafin. To in abun da kake ɓoyewa yana da daraja, rangwame ne, takardar jarrabawa ce, fom ne mai wa'adi, dole shi kansa shafin ƙarshen ya duba lokaci a sabar ya ƙi buɗewa. Babu kamfanin QR da zai yi maka wannan in shafin ba a hannunsa yake ba, shi ƙofar waje kawai yake gadi.

Ƙananan abubuwan da ke bambanta tsari mai kyau da na jeka-na-yi-ka su ma ka duba. Shin akwai wurin da za a kai mutum in babu dokar da ta dace da lokacin? In babu, akwai ranar da wani zai ga shafin kuskure. In dokoki biyu suka haɗu, ta ranar hutu da ta kowace Litinin, wace ke cin wata? Shin doka zata iya tsallake tsakar dare, daga goma na dare zuwa shida na safe, ko sai ka raba ta biyu? Wannan na ƙarshen shi ne kuskuren da masu rubutawa da kansu suka fi yi, su ce in awa ta kai 22 kuma ba ta kai 6 ba, alhali babu awar da ta cika sharaɗin biyu lokaci guda, kalmar "ko" ya kamata su sa ba "kuma" ba. Ranakun hutun mako ma ba ɗaya bane a ko'ina, tsarin da ya ɗauka Asabar da Lahadi ne kawai bazai yi wa kowa ba. Kuma shawarata kada ka cika dokoki, biyu ko uku sun isa yawancin aiki, in ka kai goma sha ko kai da ka rubuta bazaka iya faɗin inda lambar zata kai mutum ranar Alhamis ƙarfe huɗu ba sai ka zauna da biro, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ka kuma sani ba kowace lamba ce ke karɓar lokaci ba. Wadda ke ɗauke da kalmar sirrin Wi-Fi, ko katin suna da lambar waya, ko rubutu zalla, bayanin a cikin zanen yake, waya ba ta tambayar kowa, don haka ba inda za a saka doka. Sai dai ka mayar da ita linki, shi kuma linki sai da data, wanda ba shi da intanet a lokacin ba abun da zai gani. A wurin da netwok ke wahala, kamar ƙarƙashin gini, wannan kaɗai zai iya mayar da kai hanya ta farko.

Ta fuskar zanen kuwa duk hanyoyin da ke amfani da gajeren adireshi sun yi kunnen doki. Lambar QR tana da girma iri 40, ta farko ɗigo 21 a 21, kowace ta gaba tana ƙara huɗu har zuwa 177 a 177, kuma yawan rubutu shi ke tura ka sama. Girma na uku, 29 a 29, yana ɗaukar haruffa 42 a matakin gyaran kuskure na M wanda ke jure lalacewar kusan kashi 15 cikin ɗari, wannan ya ishi gajeren domen da 'yar kalma a bayansa. Doguwar linki mai jela tana sa ɗigon su ƙanƙance, tsohuwar waya ta yi ta fama. Ka bar farin fili na ɗigo huɗu a kewaye, ka kuma rubuta adireshin da haruffa a ƙasan lambar don wanda kamararsa ta ƙi, wanda wannan ma wani dalili ne na domen naka, don ba mai iya kwafe haruffan kamfani masu kama da kalmar sirri.

To wace zaka ɗauka? Ni dai ga yadda nake yanke wa. In sikirin ne, canza hoton. In canjin bai wuce 'yan lokuta a shekara ba, domen naka da hannunka. In kullum ne kuma abubuwan duk naka ne a shafinka, shafi ɗaya mai ɗora na yanzu a sama, wannan ita zan ba mutum takwas cikin goma da suka tambaye ni. In dole sai an tura zuwa wurare daban-daban kuma akwai mai iya taɓa sabar a kusa, 302 na kanka. Kamfani mai kuɗin wata kuwa sai in lambobin sun yi yawa, ko masu kula da su ba 'yan fasaha bane, ko kana tsammanin cunkoso, kuma ko a nan sharaɗina ɗaya ne, domen ɗinka ne zai shiga cikin zanen, in sun ce babu wannan a tsarin da zaka iya biya to ka yi ɗan turawa a domen ɗinka zuwa linkinsu, tsalle biyu ne maimakon ɗaya, ya ɗan ƙara jinkiri amma abun da ka buga ya zama naka. In abun na kwana biyu ne kuma takardun shara zasu tafi bayan taro, toh wannan sharaɗin ma zaka iya sassautawa, ba sai an wahalar da kai ba.

Kafin ka kai wa mai bugawa, ka gwada a kan iyaka ba a tsakiya ba. In canjin ƙarfe sha biyu ne, yi sikanin sha biyu saura minti ɗaya, ka sake yi sha biyu da minti ɗaya da wayar nan dai, ba tare da ka goge komai ba, sannan da wata wayar daban, ɗaya Android ɗaya iPhone, ɗaya a kan Wi-Fi ɗaya a kan data. Ka matsar da dokar zuwa tsakar dare ka ga ko ta tsallake lafiya, ka kashe duk dokokin ka ga ina take kai mutum in babu ko ɗaya. Sannan ka buga kwafi ɗaya a ainihin girman da za a manna, ka tsaya a nisan da mutane zasu tsaya ka gwada, kafin ka ce a buga sauran.